Edita, idon da ya yi laushi bayan duka ba warkewa ya yi ba

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, in ka ga wasiƙar ta yi tsawo ka yi haƙuri kar ka datse ta don duk abin da na sa a ciki akwai dalilinsa.

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen ido kuma na daɗe a wannan aiki. Duk shekara in watan Maris ya kama za ka ji gidajen rediyo da jaridu ana ta maganar hawan jinin ido, haka ma ranar gani ta duniya da ake yi Alhamis ta biyu a watan Oktoba, a kira likita ya zo ya ce jama'a ku je a auna muku fureshan ido. Wannan abu ne mai kyau wallahi, don binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna in ka cire yanar ido to hawan jinin ido ne ke biye wajen makantar da mutane. Amma ni abin da ke damuna shi ne ban taɓa jin an zauna an yi wa mutane bayanin ɗaya gefen ba, wato fureshan ido ya faɗi ƙasa bayan an doki idon ko wani abu ya soke shi, alhali mu da ke asibiti mun san idanun da ke mutuwa ta wannan hanya, kuma yawancinsu na yara ne da matasa majiya ƙarfi masu neman na kansu.

Bari in ɗan yi bayani yadda kowa zai gane. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba fa, hawaye a waje suke, wannan a ciki yake. Wata 'yar tsoka ce da ta zagaye ido ta bayan baƙin ido take tsatso shi ba dare ba rana, ya cika gaban idon ya ciyar da shi sannan ya fita ta wasu ƙananan magudanai da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farin ido, awa biyu ma ba ta cika ba an sabunta shi gaba ɗaya. Daidaiton shigowa da fitar wannan ruwan shi ke sa ido ya tsaya da ƙarfinsa, wannan ƙarfin shi ne fureshan ido, in an auna a samu lamba tsakanin 10 zuwa 21. To in ya sauko ƙasa da 6 ya zauna a nan, ido ya zama kamar ƙwallon da ta sace, bangon ya lotsa, shimfiɗar jijiyoyin gani da ke can baya ta tattare ta yi ninki-ninki daidai wurin da mutum ke karatu da gane fuska da shi, jijiyar gani ta kumbura, yanar ido ta fara fitowa, in aka bar shi haka tafi-tafi idon ya ƙanƙance ya shige ciki ya mutu. Duk wanda ya taɓa ganin mutum da ido ɗaya ƙarami a shanye ya yi fari to sau da yawa ƙarshen wannan labarin ya gani.

Abubuwan da ke kawo mana irin wannan rauni ba baƙi ba ne, a gidajenmu da kasuwanninmu suke. Danƙon harbin tsuntsu, kibiyar tsinken tsintsiya da yara ke yi, bindigar roba mai 'yan ƙwallaye da ake saya wa yara da sallah, nokawut, bulalar malami da ta kauce ta sami ido, karan dawa da na gero lokacin girbi, ƙahon saniya, tsinin itace wajen faskare, ɓarɓashin ƙarfe wajen maƙera da masu walda da kanikawa masu dukan ƙarfe da guduma, masu fasa dutse, murfin kwalbar lemo da ya yi tsalle, haɗarin babur, naushi a dambe ko a faɗan gida, da kuma robar nan da 'yan acaɓa da masu kura ke ɗaure kaya da ita, wannan robar in ta kufce ta dawo ba ƙaramar ɓarna take yi ba.

Hanya ta farko da furesha ke faɗuwa ita ce ido ya huje ruwan ya zubo waje. Wani lokaci hujin a fili yake kowa na gani, wani lokaci kuma ƙarami ne ƙwarai ko kuma farin idon ne ya fashe ta can gefe ko ta baya inda ya fi siranta, fatar saman ta rufe wurin, sai dai ka ga jini ya taru ya kumbura ya zagaye idon. Akwai alamomin da nake so kowane uba da kowace uwa su riƙe. In yaro ya ce ya ji ruwa mai ɗumi ya zubo masa daga ido lokacin da abin ya same shi, in ɗan ramin tsakiyar baƙin ido ya daina zama zagayayye ya ja gefe guda ya yi tsini, in an ga wani abu baƙi ko ruwan ƙasa ya leƙo a kan idon, in jini ya kwanta a cikin baƙin ido, to a ɗauka ido ya huje har sai likitan ido ya ce a'a. Wannan baƙin abin da ya leƙo kuwa ba datti ba ne, naman cikin ido ne ya zo ya toshe ƙofar, na sha ganin uwa ta sa bakin zane ko audugar kunne ta goge shi da kyakkyawar niyya tana ganin tana cire wa ɗanta ƙazanta, Allah sarki, nan take sauran abin da ke ciki ya biyo.

A nan ne nake da magana da al'adarmu ta gashi. Mu Hausawa duk inda aka bugu sai a ce a gasa, a ɗora ruwan zafi a tsoma tsumma a danna, to ido dai ba a gasa shi, kowace dannawa matso abin cikinsa take yi. Haka hura ido da baki, haka tsohuwar da ke sa harshe ta lalubo abin da ya faɗa, haka ɗiga nonon mai jego ko ruwan sikari ko ruwan albasa ko fitsari, ko a fasa kafso a zazzaga garin, ko a ranbaɗa kwalli. Idon da ke da ƙofa a buɗe duk abin da ka zuba masa ciki yake wucewa, kuma in ƙwayar cuta ta shiga cikin ido ta yi mugunya kwana ɗaya biyu ya isa a rasa shi baki ɗaya, musamman in abin da ya soke shi daga gona ya fito ko daga turken dabbobi. Har man shafawa na ido na asibiti ma ba a sa wa idon da ya huje. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da za a yi kaɗan ne kuma ba ya cin ko sisi, a sami kofin roba mai tsabta ko a yanke gindin robar ruwa a kifa a kan idon yadda bakinsa zai zauna a kan ƙashin gira da na kumatu ba tare da ya taɓa idon ba, a manne da filasta, in akwai tsinke ko waya a cake a bar shi yadda yake kar a zare, kar a ba shi abinci ko ruwa don mai yiwuwa a sa shi barci a yi aiki kuma ana so cikinsa ya yi kamar awa 6 ba komai, a hana shi murza ido da sunkuyo da yunƙuri, in ciwo ya dame shi farasitamol ya isa, ban da asfirin da ibufurofen don suna ƙara zubar jini, sai a kama hanyar asibitin da ke da likitan ido a ranar, ba gobe ba. Wuri ɗaya ne kawai wannan doka ta canza, in ruwan batir ne ko siminti ko farar ƙasa ko wani sinadari ya fallatsa a ido to wannan kam wanki yake so nan take da ruwa mai yawa, a yi ta kwarara masa kafin ma a nemi mota.

In an zo wurinmu abin da ake fara yi shi ne a gwada ganin kowane ido daban, ko da hasken tocila ne kawai yake iya gani a rubuta, sannan a zaunar da shi a na'urar nan mai haske da ake ɗora haɓa a kai. In hujin a fili yake ba ma auna furesha ba ma taɓa komai, rufewa ake a shirya tiyata. In kuma ana kokwanto akwai wani gwaji mai sauƙi da nake so a ce duk babban asibitin ƙaramar hukuma ana yin sa. Wata 'yar takarda ce siririya mai launin ruwan lemo a bakinta, fuloresin, sai a jiƙa ta a ɗan shafa a wurin da ake zargi a kunna shuɗin haske a zuba ido. In ba huji launin zai zauna shiru yadda aka sa shi. In akwai huji ko da bai kai bakin allura ba sai ka ga ruwa na ɓuɓɓugowa daga ciki yana wanke launin yana gangarowa, tsakiyarsa duhu gefensa kore shar yana ƙyalli, a hankali a hankali, kana kallo da idonka ido na zubar da ruwansa. Wanda ake zargin ƙarfe ya shige masa kuma hoton CT ake yi ko a ƙalla eksire, ba a sa shi a na'urar hoto ta MRI don maganaɗisun na'urar zai iya jan ƙarfen ya yi ta yanka a ciki. Maƙera da kanikawa su ji wannan da kyau, ɓarɓashin da ya tashi daga guduma yana iya shigewa ya bar ƙofar da ta rufe kanta ba ciwo ba ja, mutum ya ci gaba da aikinsa, ƙarfen na ciki yana tsatsa yana cin jijiyoyin gani har watanni.

Ɗinkin idon da ya huje ana so a yi shi cikin awa 24. Ana sa mutum barci, likita na duba ta madubin tiyata mai ƙara girma, zaren da ake ɗinke gaban ido da shi nailan ne mai lamba 10-0 wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, na farin ido ya ɗan fi shi kauri. Naman da ya leƙo in sabo ne mai tsabta a wanke a mayar da shi, in ya kwana biyu a waje ya mutu ko ya ƙazantu dole a yanke, kun ga ke nan jinkiri ma kaɗai yana sa a rasa wani sashe na ido. Sai a sake cika gaban idon da ruwan gishiri na musamman a tabbatar ba ya yoyo, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar tetanus. Kuma a gaya wa dangi gaskiya tun farko, wannan aikin na rufe ƙofa ne don a ceci idon, sau da yawa akwai na biyu a gaba, cire yanar da dukan ya haifar ko shiga bayan ido a kwashe jini a mayar da shimfiɗar gani in ta ɓanɓare, wani lokaci har a cika shi da iskar gas ko man silikon ya tokare ta. Mutane da yawa daga an yi na farko sai su ɓace, zaren ma da ya kamata a cire bayan wata biyu uku sai mu gan shi bayan shekara ya saki ya tara ƙazanta ya jawo gyambo.

Amma Edita hanya ta biyu ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ita ce mai yaudara. Ido bai huje ba, ba abin da ya zubo waje, duk gwajin launin nan lafiya lau, amma furesha na ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne ƙarfin dukan ya matse idon ta gaba ya buɗa shi ta gefe cikin ƙiftawa, sai tsokar nan mai tsatso ruwa ta ɓanɓare daga jikin farin ido inda take manne, wata ƙofa ta buɗe a ciki, ruwan ya riƙa sulalewa ta nan yana bi tsakanin bangon ido da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa jiki na shanye shi, ita kuma tsokar da ta saki ta rage aikin da take yi, ga fita ta yi yawa ga shigowa ta ragu. Likitoci na kiran wannan tsagar saikulodayalisis. Don ku san ƙarfinta wajen saukar da furesha, a shekarar 1905 wani likitan ido Bajamushe mai suna Leopold Heine da gangan ya riƙa buɗe irin wannan tsaga a matsayin aikin maganin hawan jinin ido, kuma an daɗe ana yi kafin a koma wasu hanyoyin. To ka ga abin da likita ke yi da lissafi don ya sauke furesha mai yawa shi ne dutsen danƙo ke yi wa lafiyayyen idon yaro ba lissafi.

Akwai wani matashi mai ɗaukar kaya a babur da aka taɓa kawo mana, robar ɗaure buhu ce ta kufce ta same shi a idon dama. Da farko jini ya cika idon, ya je wani kemis aka ba shi maganin ɗigawa irin mai sitiroyid ɗin nan da ke sa ja ya washe da wuri, jinin ya janye, zafin ya tafi, idon ya yi fari tas. Shi da 'yan gidansu suka ce alhamdulillahi an warke. Sai dai gani ya ƙi dawowa, yana ganin hazo-hazo, layin da yake miƙe sai ya gan shi a karkace, lambar waya ba ya iya karantawa da wannan idon, aka ce masa sauran jini ne zai washe, ciwon ido sai haƙuri. Wannan karin maganar wallahi ta cinye idanu da yawa a ƙasar nan. Sai da watanni suka shuɗe ya ga dai abin gaba yake yi sannan yayansa ya kawo shi. Ina ɗora masa na'urar awo na ga idon hagu 15 na dama 3, na sake na kuma samun 3. Na ce masa malam tun yaushe, ya ce ai ranka ya daɗe ya daina ciwo tuntuni, ni tabarau kawai nake so a ba ni. Kuma abin da ya sa yake ganin tabarau ne matsalar shi ne idon da ya sace yakan gajarce sai lambar gilashin mutum ta canza, da ya faɗa hannun masu sayar da tabarau a kasuwa da sun ba shi wanda zai ɗan ƙara masa gani ya koma gida idon na ci gaba da lalacewa.

Gano wannan tsagar aiki ne, don tana ɓoye a kusurwar da ba a ganinta kai tsaye. Akwai wani ɗan gilashi mai madubai a ciki da ake ɗorawa a kan ido bayan an kashe zafinsa da maganin ɗigawa, ta cikin madubin ake leƙa kusurwar a zagaya ta kaf, in an dace sai a ga wani farin fili a inda bai kamata a ga fari ba. Matsalar ita ce idon da ya yi laushi gabansa ya matse kusurwar ta rufe, kana ɗora gilashin fatar gaban idon ta yamutse ka kasa ganin komai, haka ya faru da wannan yaron, sai da likita ta shigar da shi ɗakin tiyata ta cika gaban idon da wani ruwa mai yauƙi ya buɗe sannan tsagar ta bayyana ta sama. Inda Allah ya hore kayan aiki akwai na'urar sikanin ta musamman ta gaban ido mai amfani da sauti, ita ko jini ya rufe ko gaban idon ya yi hazo tana nuna tsagar da faɗinta da ruwan da ya taru a bayanta, ga kuma hoton OCT da ke nuna ninkin da bayan idon ya yi. Ana kuma duba sauran dalilan, don kumburin ciki kaɗai yana iya sa tsokar ta yi yajin aiki na ɗan lokaci, ɓanɓarewar shimfiɗar gani ma na saukar da furesha, haka tabon da ke fitowa daga baya ya riƙa jan tsokar, kowanne kuma maganinsa daban, shi ya sa ba abin da mai kemis zai iya yi a nan komai ƙwarewarsa da kyakkyawar zuciyarsa.

Girman tsagar da awannin agogo ake faɗinsa, a ɗauki baƙin ido a matsayin fuskar agogo a ce daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 1 misali. In ƙarama ce ana fara gwada maganin ɗigawa atirofin na wasu makonni, kamar 6 zuwa 8, shi yana sakin tsokar ta koma ta jingina da bango ta manne da kanta, a kuma rage ko a tsayar da sitiroyid don shi yana hana wurin yin tabon da zai manne shi, kun ga ke nan maganin da aka ba yaron nan a kemis ya gyara launin ido amma ya taimaka wajen barin ƙofar a buɗe. In magani bai yi ba a ƙona gefen tsagar da leza ko a daskarar da wurin ta waje da na'urar sanyi don ya yi tabo ya kama. In babba ce ko duk waɗannan sun gaza sai ɗinki. Likita za ta ɗaga fatar saman ido, ta fere rabin kaurin farin ido daidai saitin tsagar ta ɗaga shi, ta yi ƙaramin yanka a ƙarƙashi ruwan da ya taru ya fito, sannan da wannan siririn zaren ta riƙa kamo tsokar tana ɗinke ta a jikin bangon ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen tsagar, ta mayar da abin da ta ɗaga ta rufe. Wurin cike yake da jijiyoyin jini, hannu na rawa kaɗan jini ya ɓalle, ni dai duk sanda na tsaya ina miƙa kaya a irin wannan aikin sai na ji girman baiwar da Allah ya yi wa waɗannan likitocin, kuma sai na ji takaicin yadda muke barinsu suna tafiya Saudiyya da Ingila saboda rashin kulawa.

Akwai abin da ke biyo bayan aikin da ya kamata a riƙa gaya wa dangi tun kafin a shiga. Ranar da ƙofar ta rufe, magudanan ido na asali da suka daɗe ba sa aiki ba sa farkawa nan take, sai furesha ya yi sama sosai, ido ya yi tauri ya yi ciwo mai tsanani har da ciwon kai da amai. Yayan yaron nan ya zo mana a fusace yana cewa da ba ya ciwo yanzu kun taɓa shi kun ɓata, sai da likita ta zaunar da shi ta ce masa Alhaji wannan ciwon shi ne shaidar ɗinkin ya kama, aka ba shi magungunan saukar da furesha cikin 'yan kwanaki ya daidaita. A nan ma akwai abin lura ga mutanenmu, duk mai sikila ko mai ɗauke da ita AS ya faɗa wa likitan ido tun kafin a tambaye shi, don jinin da ya kwanta a idon mai sikila ya fi saurin toshe magudanai da kashe jijiyar gani, kuma ƙwayar Diamox da aka saba bayarwa don saukar da furesha ba a son ba su ita. Yaron ya samu ganinsa ya dawo har yana karanta saƙo a waya, amma bai koma kamar na hagu ba saboda ninkin ya daɗe ya bar shaida. Ina faɗin wannan ne don masu irin wannan matsala da ke zaune a gida yanzu haka su sani ko an yi watanni kar a fid da rai, ana samun gani ya dawo, sai dai duk daɗewar da aka yi akwai abin da ake rasawa wanda ba ya dawowa.

Wani abin da ke sa nake matsa wa mutane su zo ko da sun haƙura da idon da ya ji rauni shi ne lafiyayyen. Ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa, idon da ya huje aka bar shi ba ɗinki yakan sa garkuwar jiki ta juya ta far wa ɗayan, bayan makonni ko watanni ko ma shekaru, mutum ya tashi da biyu babu. Yara ƙanana kuma ko an yi ɗinki ya yi kyau in ba a bi da tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu awanni kamar yadda likita ya tsara ba, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da mai raunin ya zama rago har abada.

Wuraren zuwa muna da su ba laifi, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano da ke aiki tun 1943, akwai asibitin ido na Makka shi ma a Kano, ga asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri da Jos, har 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna tsallakowa. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ƙauye da waɗannan wuraren. Mutum zai fara da gida, ya je kemis, ya je ƙaramin asibiti a manna masa auduga da bandeji a ɗaure tam a ce ya dawo jibi, kafin ya iso inda za a ɗinke shi mako ya wuce an kuma cinye kuɗin da ya kamata a yi aikin da su. Kirana ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu shi ne a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci abu uku kacal, su gane alamar huji, su kifa murfi ba auduga ba, su tura a ranar da takarda a hannu. Takardar fuloresin da tocila mai shuɗin haske da na'urar awon furesha ba kayan biliyoyi ba ne. Na'urar sikanin gaban ido kuwa ko guda ɗaya ce mai aiki a kowace shiyya da an rage wahala. 'Yan siyasarmu da masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin aikin yanar ido kyauta Allah ya saka musu, amma yanar ido tana iya jiran wata uku, idon da ya huje ba ya jiran kwana uku, a ware wani abu a ajiye a asibitocin don a riƙa ɗinke mai rauni nan take a yi maganar kuɗi daga baya, kuma tunda dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu to a tabbatar raunin ido na gaggawa na ciki a aikace ba a takarda ba.

Shugabannin ƙungiyoyin masu walda da maƙera da kanikawa da masu fasa dutse su ma su sa dokar tabarau na kariya a kan yaran shagonsu, ba baƙin gilashin gayu ba wanda shi kansa fashewa yake ya shiga ido, na roba mai tauri da aka yi don aikin. Duk mai ido ɗaya kuma ya riƙa sa irinsa kullum ko ba ya aikin ƙarfe. Malamanmu na allo da na boko don girman Allah in ma dole sai an yi horo a nisanci fuska, iyaye kuma a daina sayen bindigar nan mai harsashin roba, makon sallah na ɗaya daga cikin lokutan da muka fi ganin yara da jini a ido.

Ku kuma Edita roƙona gare ku shi ne ku gayyato likitan ido ya yi muku rubutu a kan wannan da hotuna, ku buga shi ana saura mako biyu sallah ku sake bugawa in an fara yankan gero, ku kuma sa a shafinku na Facebook da murya don waɗanda ba sa karatu, a faɗa musu duk wanda aka doka a ido ko da ciwon ya tafi ko da jan ya washe, in dai gani bai koma yadda yake ba to ya je a auna masa fureshan ido biyun a gwada da juna, in ma ya koma daidai ya riƙa zuwa awo duk shekara don idon da ya taɓa shan duka yana iya juyewa ya kamu da hawan jinin ido bayan shekaru.

Na gode da fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
Ma'aikacin jinyar ido, daga jihar Kaduna.